Daga Arakataka zuwa Illela: Yadda Gabriel Garcia Marquez ya hana a binne tarihin garinsu

Duk ranar Lahadi tun da hantsi kasuwar Illela ke cika. Shanu da raƙuma da tumaki na shigowa daga Nijar, hatsi da kayan masarufi na fita, 'yan canji kuma na lissafin naira da sefa a bakin titi. Daga nan zuwa Birnin Konni tafiyar 'yan mintuna ce a kan babur.

A wannan Konni ɗin ne, cikin watan Mayun 1899, wata rundunar Faransa ƙarƙashin Kyaftin Paul Voulet da Kyaftin Julien Chanoine ta fasa gari, ta kashe mutane masu ɗimbin yawa, ta banka wa gidaje wuta. Labarin yana nan a bakin tsofaffi da cikin littattafan tarihi na Faransanci da Turanci. Amma da wuya ka ga matashin da ke tsallaka iyakar kullum riƙe da littafin Hausa da ya ba shi wannan labari.

A can Kolombiya da ke Kudancin Amurka ma an yi wani yanki da sojoji suka buɗe wa talakawa wuta, hukuma kuma ta so a manta. Sai wani yaro da aka haifa a yankin ya girma ya saka labarin a cikin littafi, littafin ya shiga harsuna fiye da 40, aka sayar da kwafi sama da miliyan 50. Sunan yaron Gabriel Garcia Marquez, mutanensa na kiran sa Gabo, kuma yana cikin marubutan da suka fi tasiri a harshen Sifaniyanci.

Rainon kaka

An haife shi ranar 6 ga Maris, 1927 a Arakataka, wani ƙaramin gari mai zafi da ƙura a arewacin Kolombiya, kusa da gaɓar tekun Karibiyan. Mahaifinsa Gabriel Eligio Garcia ma'aikacin gidan waya ne mai aika telegiram, daga baya ya koma sayar da magani. Mahaifiyarsa Luisa Santiaga Marquez 'yar babban gida ce, kuma iyayenta sun daɗe suna ƙin auren kafin su haƙura.

Yana jariri iyayen suka bar garin neman abinci, suka bar shi a hannun kakanninsa na wajen uwa. Wannan riƙo da Bahaushe ya sani sarai shi ne tushen kusan duk abin da ya rubuta daga baya.

Kakansa namiji, Kanar Nicolas Marquez, tsohon soja ne da ya fafata a yaƙin basasar da ake kira Yaƙin Kwana Dubu, wanda aka yi daga 1899 zuwa 1902. Ya ƙare rayuwarsa yana jiran kuɗin fanshon da gwamnati ta yi wa tsofaffin sojoji alkawari, har ya rasu bai karɓa ba. Shi ne ke riƙe hannun jikan ya zaga da shi gari, ya buɗe masa ƙamus idan ya yi tambaya, shi ne kuma ya kai shi kantin kamfanin ayaba ya ga ƙanƙara a karon farko.

Kakarsa mace, Tranquilina Iguaran, ita ce mai labarin fatalwa da mafarki da camfi. Garcia Marquez ya sha faɗa cewa abin da ya koya a wajenta shi ne yadda take ba da labarin abin da hankali ba zai ɗauka ba, fuskarta ko gezau, kamar tana faɗin abin da ta gani a kasuwa. A gidan ne kuma ya ci karo da littafin Dare Dubu da Ɗaya, wanda masu karatun Hausa suka san shi tun zamanin Turawa.

Daren da aka buɗe wuta

A lokacin, yankin na hannun wani kamfanin Amurka mai suna United Fruit, wanda ya rikiɗe ya zama Chiquita na yau. Gonakin ayaba nasa ne, layin dogo na yi masa aiki, kantuna nasa ne. Ana ɗaukar leburori ta hannun 'yan kwangila don kada kamfani ya ɗauki nauyinsu, kuma wani ɓangare na ladansu takarda ce da ba ta sayen komai sai a kantin kamfani.

A watan Nuwamban 1928 dubban ma'aikata suka shiga yajin aiki. Suna neman a riƙa biyan su kuɗi a hannu, a ba su hutun mako, a kula da lafiyarsu, a kuma amince cewa su ma'aikatan kamfanin ne. Gwamnati ta tura sojoji ƙarƙashin Janar Carlos Cortes Vargas.

Cikin daren 5 wayewar 6 ga Disamba, jama'a na taruwa a filin tashar jirgin ƙasa ta garin Siyenaga, sojoji suka ba su 'yan mintuna su watse, sannan suka buɗe wuta. Janar ɗin ya ce mutum 47 ne suka mutu a duk tsawon rikicin. Amma wani saƙo da jakadan Amurka ya aika gida a watan Janairun 1929 ya ce wakilin kamfanin ya shaida masa waɗanda aka kashe sun haura 1,000.

Gabo bai kai shekara biyu ba a lokacin. A bakin kakansa da mutanen gari ya ji labarin, ya kuma tashi yana ganin kowa na faɗin adadinsa daban.

Lauyan da bai zama ba

Ya samu tallafin karatu zuwa wata makarantar kwana a Zipaquira, gari mai sanyi kusa da Bogota. A 1947 ya shiga Jami'ar Ƙasa don karatun lauya saboda faranta wa iyaye. Hankalinsa dai na kan adabi, kuma a watan Satumban shekarar jaridar El Espectador ta buga gajeren labarinsa na farko.

Ranar 9 ga Afrilu, 1948 aka harbe Jorge Eliecer Gaitan, ɗan siyasar da talakawa ke so, wanda shi ne ya tayar da maganar kisan ma'aikatan ayaba a majalisa a 1929. Bogota ta kama da wuta, aka rufe jami'a, gidan da Gabo ke haya ya ƙone. Ya koma Kartahena a bakin teku ya kama aikin jarida a El Universal, daga nan ya wuce El Heraldo a Barankiya. Karatun lauya ya tsaya ke nan.

A 1950, kamar yadda ya bayar a tarihin rayuwarsa, mahaifiyarsa ta nemi ya raka ta Arakataka su sayar da gidan kakanni. Ya tarar garin ya mutu murus, tituna ba kowa, gidan ya tsufa. A hanyar jirgin ƙasa ya sake ganin allon wata gonar ayaba mai suna Makondo. Ya ce wannan tafiya ce ta sa ya gane abin da zai rubuta, kuma sunan gonar ya ba garin da ya ƙirƙira a littattafansa.

Kayan fasa-ƙwauri a jirgin yaƙi

Labarin da ya fito da shi a aikin jarida labari ne da mutanen bakin iyaka za su gane da wuri. A ƙarshen Fabrairun 1955, sojojin ruwa takwas suka faɗa teku daga jirgin yaƙin Kolombiya mai suna Caldas, yana dawowa daga Amurka. Mutum ɗaya ne ya tsira, Luis Alejandro Velasco, bayan ya kwana goma a kan wani ɗan kwale-kwalen ceto ba ci ba sha.

Gwamnatin soja ta Janar Gustavo Rojas Pinilla ta ce guguwa ce ta jawo hatsarin, ta mayar da Velasco gwarzo. Lokacin da matashin ya zo ofishin El Espectador, labarin ya riga ya tsufa. Garcia Marquez ya zaunar da shi kwanaki yana masa tambayoyi filla-filla, har gaskiya ta fito: ba a yi guguwa ba. An jibga wa jirgin firji da talabijin da injin wanki a samansa, kayan da doka ta hana jirgin yaƙi ɗauka, ba a kuma ɗaure su da kyau ba. Da igiyar ruwa ta bugi jirgin, kayan suka kwance suka tafi da mutane.

Jaridar ta buga labarin kashi 14 a jere, mutane na rububin saye. Gwamnati ta musanta, sai jaridar ta fito da hotunan da sojojin suka ɗauka a cikin jirgin, ga kwalaye nan a bayansu. Velasco ya rasa aikinsa. Shi kuma Gabo aka tura shi Turai a matsayin wakili, kuma cikin 'yan watanni jaridar ta daina fitowa saboda matsin gwamnati.

Yunwa a Faris

Rufe jaridar ya same shi a birnin Faris. An aiko masa da tikitin komawa gida, ya mayar da shi kuɗi ya zauna. Kuɗin suka ƙare, ya koma tsintar kwalabe yana sayarwa, mai otal ɗin da yake zaune kuma ta bar shi a ɗakin can sama bashi na tsawon watanni.

Lokacin ana tsakiyar yaƙin neman 'yancin Aljeriya. Saboda kamanninsa, 'yan sandan Faransa suka ɗauka Balaraben Aljeriya ne, har suka taɓa kama shi suka kulle tare da 'yan Aljeriya.

A wannan ɗaki, yana jiran wasiƙar kuɗi da ba ta zuwa, ya rubuta El coronel no tiene quien le escriba, wato Kanar Ba Shi da Mai Rubuto Masa. Labarin wani tsohon soja ne da ke zuwa bakin ruwa duk Juma'a yana jiran takardar fanshonsa shekara da shekaru, shi da matarsa marar lafiya, ba su da komai sai zakara ɗaya da ɗansu ya mutu ya bari. Duk wanda ya taɓa raka mahaifinsa layin tantance 'yan fansho zai gane wannan tsoho.

Ya koma Kudancin Amurka a ƙarshen 1957. A watan Maris na 1958 ya auri Mercedes Barcha, wadda ya sani tun suna yara. Bayan juyin juya halin Kyuba ya yi aiki da kamfanin dillancin labaran ƙasar, Prensa Latina, har a birnin New York, kafin ya tare a birnin Meziko a 1961. A can ya shiga rubutun fim da na talla don ciyar da iyali. Ya riga ya fitar da littattafai huɗu, amma babu wanda ya yi kasuwa.

Wata 18 a ɗaki

A 1965, yana tuƙa iyalinsa zuwa hutu a Akapulko, ya ce sai ya ji ya gano bakin zaren littafin da ya daɗe yana yi masa gardama: zai ba da labarin ne da irin muryar kakarsa. Ya ajiye aiki, ya shiga ɗaki. A lissafinsa wata 18 ya yi yana rubutu kullum.

Mercedes ce ta riƙe gidan. Kuɗin mota ya tafi, kayan ɗaki suka tafi jingina, aka ci bashin mahauci da na mai gidan haya. Ranar da suka je gidan waya aika rubutun zuwa kamfanin ɗab'i na Sudamericana a Ajantina, in ji shi, kuɗin aikawa peso 82 ne, su kuma 53 ke hannunsu. Suka raba takardun biyu suka aika rabi, ragowar ya bi baya.

Littafin, Cien años de soledad, wato Shekara Ɗari na Kaɗaici, ya fito a tsakiyar 1967. Kwafi 8,000 aka fara bugawa, suka ƙare cikin 'yan makonni. Fassarar Turanci ta Gregory Rabassa ta fito a 1970, daga nan ya bazu duniya.

Abin da ke cikin littafin

Labarin zuri'a bakwai ne na gidan Buendia, tun daga kafa ƙauyen Makondo har zuwa shafewarsa. A ciki akwai kanar da ya tayar da yaƙi sau 32 bai ci ko ɗaya ba, da uwar gida Ursula da ta haura shekara ɗari tana riƙe da zuri'a, da wata budurwa da iska ta ɗauke zuwa sama tana shanya. Akwai kuma wata annoba ta rashin barci da ke goge tunani, har mutanen gari suka koma rubuta sunan kowane abu suna mannawa a jikinsa don kada su manta.

Masana sun ba wannan salo suna, suna nufin haɗa zahiri da al'ajabi a faifai ɗaya. Shi kuwa ya dage cewa yawancin abin da ya rubuta yana da tushe a abin da ya gani ko ya ji a yankinsu.

Sai kuma kamfanin ayaba ya iso Makondo. Aka yi yajin aiki, aka tara mutane a tashar jirgi, aka buɗe wuta. Ɗaya daga cikin 'yan gidan Buendia ya farka a cikin jirgin ƙasa cike da gawarwaki ana kai su a zuba a teku. Ya diro ya koma gari, amma duk wanda ya gaya wa sai ya ce masa ba abin da ya faru. Sanarwar hukuma ta ce ma'aikata sun koma gida lafiya, aka kuma koyar da haka a makaranta.

A littafin an kashe mutum kusan 3,000. Daga baya Garcia Marquez ya amsa cewa shi ya zaɓi wannan adadi don ya dace da girman labarin. Masana tarihi sun yi ta muhawara a kan haka. Wasu na ganin ya cusa wa jama'a adadin da ba shi da hujja, har mutane da yawa suka ɗauke shi a matsayin gaskiya. Wasu na ganin in ba don littafin ba, da kisan Siyenaga bai wuce layi biyu a littafin tarihi ba.

Nobel da abin da ya biyo baya

Ya koma Basalona a Sifaniya inda ya zauna har 1975, shekarar da ya fitar da El otoño del patriarca, labarin wani tsohon mai mulkin kama-karya da ya daɗe a kan kujera har ba wanda ya tuna lokacin da ya hau. A 1981 ya fitar da Crónica de una muerte anunciada, wanda ya gina a kan kisan wani abokinsa a 1951. 'Yan'uwan wata amarya ne suka kashe shi da sunan wanke mutuncin gida. A littafin, gari duka ya san za a yi kisan, amma kowa ya bar wa wani ya hana.

A shekarar ce kuma ya samu labarin sojojin Kolombiya na shirin kama shi bisa zargin alaƙa da 'yan tawayen M-19, ya nemi mafaka a Meziko.

A 1982 aka ba shi kyautar Nobel ta adabi, ɗan Kolombiya na farko da ya samu. Ya je karɓa a Stockholm sanye da farar riga da wando irin na mutanen yankin Karibiyan, ya bar baƙar kwat da aka saba. Shekara huɗu bayan haka Wole Soyinka ya karɓi tasa.

A 1985 ya fitar da El amor en los tiempos del cólera, wato Soyayya a Zamanin Kwalara, wanda ya samo daga neman auren iyayensa. Labarin mutumin da ya jira mace sama da shekara 50 ne, har mijinta ya rasu.

Bai taɓa barin aikin jarida ba. A 1996 ya fitar da Noticia de un secuestro, wato Labarin Garkuwa da Mutane, kan mutum goma, yawancinsu 'yan jarida, da yaran Pablo Escobar suka sace daga 1990 don tilasta wa gwamnati ta daina miƙa dillalan ƙwaya ga Amurka. Biyu daga cikinsu, Marina Montoya da Diana Turbay, ba su dawo da rai ba. Ya yi shekaru yana hira da waɗanda suka tsira da iyalansu, ya rubuta abin da suke ci, da yadda suke kwana, da yadda masu gadinsu, yara matasa, ke rawar jiki da tsoro su ma. Ga mai karatu a Sakkwato ko Zamfara a yau, wannan ba labarin nesa ba ne.

Ya kuma sa hannu wajen kafa makarantar koyon fim a Kyuba a 1986, da gidauniyar horar da 'yan jarida a Kartahena a tsakiyar shekarun 1990.

Inda aka soke shi

Babban abin da aka riƙe shi da shi shi ne abotarsa da Fidel Castro. A 1971, lokacin da gwamnatin Kyuba ta kama mawaƙi Heberto Padilla, marubuta da dama sun juya wa Castro baya. Garcia Marquez bai bi su ba, kuma ya ci gaba da abotar har ƙarshen rayuwarsa. Masu suka na tambaya yadda wanda ya fallasa masu kama-karya a littafi zai yi shiru a kan wanda ke ɗaure marubuta. Amsarsa ita ce yana amfani da kusancin a ɓoye wajen fito da fursunoni.

Amurka ta yi shekaru tana taƙaita masa biza, sai a zamanin Bill Clinton, wanda ke son littattafansa, aka sassauta. Abotarsa da marubucin Peru Mario Vargas Llosa kuwa ta ƙare ne a watan Fabrairun 1976, lokacin da Vargas Llosa ya naushe shi a fuska a bainar jama'a a Meziko.

A 1999 aka gano yana da cutar daji. Ya samu sauƙi har ya fitar da tarihin rayuwarsa a 2002. Daga baya mantuwa ta kama shi, abin da ƙaninsa Jaime ya bayyana a 2012. Ya rasu ranar 17 ga Afrilu, 2014 a birnin Meziko yana da shekara 87. Yau hotonsa ne a kan takardar kuɗi ta peso 50,000 ta Kolombiya, gidan kakanninsa na Arakataka kuma an sake gina shi ya zama gidan tarihi.

A watan Maris na 2024 'ya'yansa biyu suka buga littafin da ya bari, En agosto nos vemos, duk da cewa ya ce a lalata shi. A watan Disamban shekarar Netflix ta fara nuna Shekara Ɗari na Kaɗaici a matsayin fim mai dogon zango.

Mu dawo bakin iyaka

Abin da ya faru a Konni ya yi kama da na Siyenaga ta fuskar yadda hukuma ta rufe shi. Da labarin ta'asar Voulet da Chanoine ya isa Faris, aka tura Laftanar Kanar Klobb ya karɓe ragamar rundunar. Voulet ya sa aka harbe shi ranar 14 ga Yuli, 1899 a yankin Tasawa. Kwanaki kaɗan bayan haka sojojinsu baƙaƙe suka kashe kyaftin ɗin biyu. Binciken da Faransa ta yi ya ƙare da ɗora laifin a kan taɓin hankali da zafin ƙasar ya jawo musu, aka rufe fayil.

A lokacin ma Konni ba ta cikin rabon Faransa. Yarjejeniyar 1898 ta bar wa Ingila duk abin da ke cikin da'irar mil 100 daga Sakkwato. Sai a gyaran da aka yi a 1904 da 1906 aka ja layin da ya bar Illela a wannan gefe, Konni a wancan.

A kudancin Sakkwato kuma akwai Satiru. A watan Fabrairun 1906 mutanen garin suka yi wa Turawa bore suka kashe jami'ansu uku. A watan Maris aka dawo musu da bindigogi masu sarrafa kansu, aka kashe mutum kusan 2,000, aka rushe garin, aka hana sake gina shi.

Ba wai ba a taɓa gwada rubuta irin waɗannan labarai ba. Abdoulaye Mamani, marubuci kuma ɗan jam'iyyar Sawaba a Nijar, ya fitar da Sarraounia a 1980, kan Sarauniya Mangu ta Lugu da ta tari rundunar Voulet a watan Afrilun 1899, makonni kaɗan kafin a fasa Konni. Med Hondo ya mayar da shi fim a 1986, fim ɗin ya ci babbar kyautar bikin FESPACO na Wagadugu a 1987. Littafin ne ya fito da sunan Sarauniya daga ƙauyenta zuwa duniya. Sai dai da Faransanci Mamani ya rubuta shi.

A Hausa ma hanyar a buɗe take tun da daɗewa. Ganɗoki na Malam Bello Kagara, wanda ya fito daga gasar rubutu ta 1933, ya haɗa yaƙin Turawa na gaske da tafiya ƙasar aljanu a cikin labari ɗaya, fiye da shekara 30 kafin fitowar Shekara Ɗari na Kaɗaici. Abubakar Imam, kamar Gabo, ɗan jarida ne kuma mai ƙaga labari: shi ya rubuta Magana Jari Ce, shi ne kuma ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939.

Kuma labarin iyaka bai tsaya a 1899 ba. An rufe ta a watan Agustan 2019, aka buɗe ta Illela a Disamban 2020 cikin huɗun farko. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli, 2023 aka sake rufewa har zuwa Maris na 2024. A waɗannan watanni manyan motoci sun yi layi kaya na lalacewa, 'yan dako sun rasa abin yi, 'yan'uwa na jini sun koma bin hanyar daji don zuwa biki ko ta'aziyya. Kafofin labarai sun kawo ranakun da sanarwar gwamnati. Yadda gida ɗaya ya ci tuwon dare a waɗannan watanni, wannan yana wajen waɗanda suka gani.

Kayan aikin da Garcia Marquez ya fara da su ba su fi ƙarfin matashin Illela ba: kakanni biyu masu labari, da haƙurin zama a yi tambaya har sai an ji abin da sanarwa ba ta faɗa ba. Marubutan Hausa na yau ma sun fi shi sauƙin isa ga mai karatu, tunda ba sa buƙatar peso 82 na gidan waya, a WhatsApp da Facebook ake bin littattafansu babi-babi.

Ga mai son farawa, akwai takardu a Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu da ke Sakkwato, akwai kuma kundayen bincike a sashen tarihi na Jami'ar Usmanu Danfodiyo. Waɗannan za su jira. Tsofaffin da suka ji labarin Konni da Satiru kai-tsaye daga bakin kakanninsu kuwa kullum raguwa suke yi, kuma wayar da ke hannunka tana ɗaukar murya.